Hans Schomburgk (1880–1967): Maharbin da ya bi hanyar Gwanja da na'urar majigi

Duk ɗalibin da ya yi ko da shekara guda a Sashen Hausa ya san sunayen Jamusawa da dama waɗanda suka yi hulɗa da harshenmu. Ya san Barth, wanda ya shigo Kano cikin 1851 da sunan Abdulkarim. Ya san Schön mai Magana Hausa. Ya san Krause da aka yi wa laƙabi da Malam Musa a Salaga. Ya kuma san Mischlich mai ƙamus ɗin 1906. Dukansu da alƙalami suka yi aiki, abin da suka bar mana kuwa rubutu ne. Manufar wannan maƙala ita ce ta gabatar da wani Bajamushe dabam, wanda bai rubuta nahawu ba, bai tara karin magana ba, tafiyarsa ma ba ta kawo shi ƙasar Hausa ba, amma cikin 1913 da 1914 ya bi garuruwan da fatakenmu suka yi shekaru aru-aru suna yada zango a cikinsu, yana ɗauke da na'urar ɗaukar hoto mai motsi. Sunansa Hans Schomburgk. Ya je ne don ya shirya wasannin silima na kasada irin waɗanda Turai take so a lokacin, sai kuma abin da ya dawo da shi mai amfani ya zama wani abu dabam.

An haife shi a birnin Hambug, babbar tashar jiragen ruwa ta Jamus, ran 28 ga Oktoba 1880. Mahaifinsa mai zanen gine-gine ne. Yaron bai zauna ya gaji uban ba, domin cikin 1898, tun bai cika shekara 18 ba, ya shiga jirgi zuwa Afirka ta Kudu. Ya ɗan taɓa aikin gona, sa'an nan ya shiga aikin ɗan sanda na Ingilishi a Natal, har ya yi Yaƙin Bowa (1899–1902) a ɓangarensu. Daga nan ya yi gaba zuwa Rodeshiya ta Arewa, watau Zambiya ta yau, ya ci gaba da aikin ɗan sanda, kafin ya tuɓe kaki ya zama maharbin giwa. Shekarun da ya yi yana yawo da bindiga tsakanin Angola da Afirka ta Gabas su ne ya tara a littafinsa na farko cikin 1910. Sunan littafin kansa ya isa shaida a kan yadda marubucin yake kallon nahiyar a lokacin, gama ya jera namun daji da mutane a layi ɗaya, ya kira su da kalma kusan iri ɗaya.

Abin da ya fito da sunansa a Turai dabba ce. A Hambug akwai wani attajiri mai suna Carl Hagenbeck, wanda sana'arsa ita ce sayo namun daji da rai yana sayar wa gidajen kallo na duniya, ya kuma buɗe nasa babban gidan namun daji cikin 1907. Ba dabbobi kaɗai yake nunawa ba. Tun wajen 1875 yakan kwaso mutane daga ƙasashe masu nisa, ya gina musu bukkoki, jama'a su biya kuɗi su zo kallonsu. Ya kamata mai karatu ya riƙe wannan a ransa, domin a wannan makaranta Schomburgk ya koyi abin da 'yan kallo suke so. Hagenbeck ya aike shi Laberiya neman wata ƙaramar dorina ta kurmi, wadda Turawa suka san ƙasusuwanta amma kusan ba wanda ya taɓa ganinta tana tafiya. Zuwan farko cikin 1911 ya dawo hannu rabbana. Da ya koma sai ya sa mutanen ƙasa suka haƙa ramuka masu yawa a kan turbobin da dabbar take bi, cikin 1912 kuwa ya sauka Hambug da guda 5 masu rai, aka sayar da 3 ga gidan namun daji na Niyok. Gwamnatin Laberiya ta ba shi muƙamin soja a ofishin jakadancinta na Landan, shi ya sa a rubuce-rubucen lokacin ake kiransa Manjo.

Silima a zamaninsa

Kafin mu bi shi Togo, ya kyautu a faɗi yadda silima take a waɗannan shekaru, don abin da muka saba gani yanzu ya yi nisa da ita. An fara nuna hoto mai motsi ga jama'a masu biyan kuɗi cikin 1895, a Balin cikin Nuwamba, a Faris cikin Disamba. Daga nan har wajen 1929 fim ɗin Jamus ba ya magana. Mai ɗaukar hoto yana juya mariƙin na'ura da hannunsa, idan hannun ya yi sauri ko ya yi nawa, haka mutanen cikin hoton za su yi. In ana so 'yan kallo su san abin da ɗan wasa ya ce, sai a katse hoton a nuna rubutu. A zauren kallo kuma akwai makaɗi, wani lokaci har da mai bayani da yake tsaye gefen farin ƙyalle yana fassara abin da ake gani. Dattawan Karaye da Rogo da suka riski zamanin motar majigi, wadda takan kafa ƙyallenta a fili bayan sallar lisha, mai bayani yana ta zuba Hausa ta lasifika, za su fi mu gane wannan tsari. Hoton ɗaya ne, amma ma'anarsa tana bakin mai bayani. Schomburgk ya rayu shekaru da yawa a kan wannan sana'a, yana zagaya garuruwan Jamus da fim ɗinsa yana tsaye yana ba da labari.

Fim marar magana yana son abin da ido zai kama nan take: gudu, faɗa, gobara, zaki, doki, mace cikin haɗari. Saboda haka wasannin kasada suka yi kasuwa tun kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya, mutane irin su Harry Piel suka yi suna da fashe-fashe da tsalle-tsalle. Dabarar da Schomburgk ya zo da ita ita ce, maimakon a zana itatuwan kurmi a jikin allo a Balin, a kwashi 'yan wasa a kai su Afirka ta gaske. Gwajinsa na farko cikin 1913 a Laberiya da Togo bai biya kuɗin sabulu ba, domin fim ɗin da ya tafi da shi ba ya jure zafi da laima, mai ɗaukar hoton kuma bai iya da ƙasar ba. Bai karaya ba. Ya sake shiri cikin shekarar nan, ya ɗauki wani Bature ɗan Ingila mai suna James Hodgson a kan na'ura, da mai zane Kay Nebel, da wata 'yar wasa 'yar Hambug mai shekara 22, Meg Gehrts.

Tafiyar Togo

Togo a lokacin tana hannun Jamus tun 1884, gwamnanta kuwa Adolf Friedrich ne, ɗan sarautar Mecklenburg. Jamusawa suna kiranta abin koyi cikin ƙasashen da suke mulka saboda tana ɗaukar nauyin kanta, amma mutanen ƙasar sun fi tunawa da aikin tilas da bulala 25. Ayarin ya sauka Lome cikin daminar 1913, ya shiga jirgin ƙasa zuwa Atakpame inda dogo ya ƙare. Kusa da nan, a Kamina, ana gina wata babbar tashar wayar iska wadda za ta haɗa Balin da ƙasashen Jamus na Afirka, suka zauna can suka ɗauki hoton ginin, suka kuma fara wasanninsu. Daga Kamina sai arewa, a kan dawaki da ƙafa, kaya a kan 'yan alaro waɗanda hukuma take sa sarakuna su bayar. Sun bi ta Sokode da Paratau da Bafilo har Mango a bakin kogin Oti, fiye da mil 300 daga teku, sa'an nan suka juyo ta ƙasar Konkomba da Banjeli da Basari. Tafiyar ta ci kimanin wata 6.

A nan ne labarin ya shafe mu. Waɗannan garuruwa ba baƙi ba ne ga Bahaushe. Fataken goro da suke tashi daga Kano da Katsina da Sakkwato zuwa Salaga, tafiyar da ake kira zuwa Gwanja, in sun ƙetare Kwara sukan bi ɗaya daga manyan hanyoyi biyu: ko ta Borgu da Jugu su ratsa ƙasar Kotokoli, inda Sokode da Bafilo suke, ko kuwa ta ƙasar Gurma su faɗa Mango su wuce Yandi. Cikakken sunan Mango ma a taswira shi ne Sansanne-Mango, kalmar farkon kuwa sansani ce tamu ta Hausa. Kanwa da tufafi da fatu da dabbobi suna gangarawa, goro yana hawowa, kowane babban gari kuma yana da zangonsa da limaminsa da masu jin Hausa. Har yau a ƙasar Kano, Karaye da Rogo ma suna ciki, kalmar Gwanja ba ta fita daga bakin tsofaffi ba. A kudu maso yammacin wannan yanki, a Kete-Karachi wadda ita ma tana ƙarƙashin Jamus a lokacin, Alhaji Umaru haifaffen Kano (1858–1934) yana zaune yana koyarwa, shi ne kuma ya rubuta wa Mischlich bayanai masu yawa da ajami a kan tarihi da zaman Hausawa. Wato dai ayarin silima ya shiga ƙasar da Hausa take harshen kasuwa, a daidai lokacin da jirgin ƙasa, wanda ya iso Kano cikin 1911, da jiragen ruwa na Ikko suka fara kashe tsohuwar hanyar ƙasa. Meg Gehrts ta ambaci fataken Hausawa a littafin da ta rubuta kan tafiyar, wanda aka buga a Landan cikin 1915.

Abin da ya kai su dai wasa ne. Babban cikinsu shi ne wanda aka sa wa suna Die weiße Göttin der Wangora, watau farar gunkiyar mutanen Wangora. Ga yadda labarin yake: jirgi ya nutse a teku, igiyar ruwa ta turo jaririya Baturiya gaɓa, mutanen ƙasa suka tsince ta suka rene ta suna bauta mata. Da ta girma sai aka kamo wani Bature maharbi za a kashe shi, ta gan shi ta so shi, ta kuɓutar da shi, suka tsere ana bin su. Wanda ya saba da tatsuniya zai ga cewa ginin labarin bai fi na Gizo da Ƙoƙi wuya ba, sai dai ita tatsuniya ba ta raina masu sauraronta. A wannan wasa kuwa ɗaruruwan mutane, manoma da masaƙa da mahaya, a yankin da masallatai da makarantun allo suka daɗe da kafuwa a manyan garuruwansa, an tara su a rana an ce su durƙusa wa yarinyar da ta zo daga Hambug jiya. Yawancinsu ba su taɓa ganin silima ba, ba kuma za su ga wannan ba. Sauran wasannin, irin su na ɗan fashin duwatsun Sudu, duk a kan wannan turba suke: Turawan ayarin su ne masu suna da fuska, mutanen ƙasa su ne taron da ake gudu daga gare shi.

Amma Schomburgk ɗan kasuwa ne, ya san masu sha'awar mulkin mallaka a gida suna son ganin amfanin da ƙasar take da shi. Don haka tsakanin wasa da wasa sai ya sa Hodgson ya juya na'ura wajen abin da mutane suke yi da gaske. A Bafilo sun ɗauki aikin auduga daki-daki, daga gurza zuwa kaɗi zuwa saƙa, wanda duk ya taɓa zama kusa da tsohuwa mai mazari ko ya ga masaƙi a rumfarsa a ƙauyukanmu zai gane kowane motsi na hannu. A Banjeli sun ɗauki yadda ake haƙo tama a narka ta a dogayen murahun yumɓu, sana'ar da ta ciyar da maƙeran yankin ƙarni da yawa kafin ƙarfen Turai ya kashe ta. A Paratau sun ɗauki Uro Jabo, sarkin Caujo, da mahayansa. Sun ɗauki kasuwanni, da maharban Konkomba da bakansu, da dorinai a kogin Oti. A ganina a waɗannan wurare ne kaɗai na'urar ta faɗi gaskiya, ko da yake ita ma gaskiyar an shirya ta, gama sai an fito da mai aiki cikin rana an ce ya fara sa'ad da Bature ya shirya. Duk da haka hannun masaƙi ba ya ƙarya. Abin da ya iya shi zai yi, ko ana kallo ko ba a kallo. Sarki an rubuta sunansa. Masaƙan da maƙeran da matan da suke kaɗi ba a rubuta nasu ba.

Yaƙi da abin da ya biyo baya

Sun koma Turai cikin 1914, aka fara nuna hotunan a Landan, ana sa ran riba. Ana wata sai ga wata. Cikin Agusta yaƙi ya tashi tsakanin Ingila da Jamus, Togo kuwa ita ce ta fara faɗuwa. Sojan Gwalkwas, rundunar da asalinta ake kiranta ta Hausawa, suka shigo daga yamma, Faransawa daga gabas, har ana cewa wani sojanta mai suna Alhaji Grunshi shi ne ya fara harba bindiga a ɓangaren Ingila a dukan yaƙin. Jamusawa da hannunsu suka rushe tashar Kamina wadda Schomburgk ya ɗauki hoton gininta, suka sallama ran 26 ga Agusta 1914. Wasannin da aka sha wahala a kansu suka maƙale a Landan a matsayin kayan abokin gaba, farar gunkiyar Wangora kuma ta shiga sahun finafinan da suka ɓace. Wannan ba abin mamaki ba ne ga wanda ya san irin fim ɗin zamanin, wanda yake kama wuta kamar fetur, yake kuma ruɓewa a cikin gwangwaninsa; mafi yawan finafinai marasa magana na duniya haka suka salwanta.

Abin da ya tsira shi ne hotunan sana'a da kasuwa. Daga cikinsu ya haɗa fim mai tsawon fiye da awa guda, ya fitar cikin 1917 da sunan Im deutschen Sudan, watau a cikin Sudan ta Jamus. Kada mai karatu ya ɗauka Sudan ta Hartum ake nufi. Tsohon sunan nan ne na Larabawa, Biladus Sudan, wanda ya haɗa dukan ƙasashen da suke kudu da Sahara, har da tamu. Sa'ad da fim ɗin ya fito, Sudan ɗin da yake magana a kanta ta yi shekara 3 da fita hannun Jamus, saboda haka ya zama abin tuna wa Jamusawa abin da suka rasa, da kuma ƙarfafa masu neman a mayar musu. Yarjejeniyar Basai ta 1919 ta rufe wannan ƙofa, aka raba Togo tsakanin Ingila da Faransa.

Abin ban sha'awa shi ne, rasa ƙasashen bai rage wa Jamusawa ƙishin kallonsu ba, sai ma ya ƙara. Shekarun farko bayan yaƙi su ne lokacin da wasannin kasada suka fi bunƙasa. Joe May ya gina Sin da Afirka da Indiya a Woltersdorf, bayan garin Balin, don fim ɗinsa mai kashi 8, Die Herrin der Welt (1919–1920), da kuma Das indische Grabmal (1921). Fritz Lang ya ɗauki Die Spinnen a cikin gidan namun dajin Hagenbeck. Baƙaƙen fata 'yan tsirarun da suke zaune a Jamus, irin su Louis Brody ɗan Duwala ta Kamaru, suka sami aikin yi, yau su fito a sarkin Afirka, gobe a bawan Indiya. Schomburgk, mutumin da ya yi alfahari da cewa shi Afirkarsa ta gaske ce, shi ma ya bi sahu. Ya fitar da Tropengift cikin 1919 tare da Meg Gehrts, cikin 1921 kuma ya sake shirya labarin farar gunkiyar a ƙarƙashin wani suna mafi muni, Eine Weiße unter Kannibalen, watau Baturiya a tsakanin masu cin mutane. An yi wasan a Jamus, aka riƙa tsarma hotunan Togo a tsakani don ya yi kama da gaske. Ta haka mutanen da aka ɗauka suna harkar gabansu cikin 1913 suka wayi gari, ba da saninsu ba, a cikin labarin cin naman mutum. A ganina wannan ne aiki mafi nauyi a kansa cikin duk abin da ya yi da na'ura, ya fi na farkon, domin a wannan karo ya san mutanen, ya ci abincinsu, ya san ba haka suke ba.

Ya auri Meg Gehrts cikin 1922, suka rabu cikin 1925. Daga nan ya bar wasan kwaikwayo ya koma ga finafinan tafiye-tafiye da namun daji. Ya koma Laberiya ya fito da Mensch und Tier im Urwald (1924), sa'an nan ya ratsa kudancin Afirka da motoci ya fito da Das letzte Paradies (1932). A waɗannan shekaru tsohon maharbin giwa ya zama mai kira a daina kashe namun daji, yana cewa na'urar hoto ta fi bindiga.

Zamanin Hitila bai yi masa daɗi ba. Da farko an bar shi yana aiki, gama gwamnatin tana son duk abin da zai tuna wa jama'a tsofaffin ƙasashen mallaka. Amma an ce yana da jinin Yahudawa, cikin 1940 aka hana shi yin jawabi a bainar jama'a, wanda shi ne abincinsa, aka kuma riƙa yanka finafinansa ana amfani da su ba tare da sunansa ba. Bayan yaƙi ya sake tattara tsofaffin hotunansa na Afirka ta Yamma ya fitar da Frauen, Masken und Dämonen cikin 1948. Littattafansa suka sami karɓuwa ƙwarai, musamman a Jamus ta Gabas, inda yara da yawa suka fara sanin Afirka ta bakinsa. Cikin 1956, yana da shekara 75 da 'yan kai, ya yi tafiyarsa ta ƙarshe zuwa nahiyar, ya kira fim ɗin da ya fito daga cikinta bankwana da Afirka. Yana raye Togo ta sami mulkin kai ran 27 ga Afrilu 1960. Meg Gehrts ta rasu cikin 1966, shi kuma ya bi ta ran 27 ga Yuli 1967 a Balin, aka kai shi Hambug aka binne.

Fim ɗin 1917 yana nan a ajiye a Jamus, masu nazarin tarihin Togo kuma sun daɗe suna amfani da shi. Masu nazarin Hausa ne ba su waiwaye shi sosai ba, alhali kuwa rubutun ajami na Alhaji Umaru a kan sana'o'i da fatauci, da hotunan Hodgson na Bafilo da Mango, kusan zamani ɗaya suka fito, daga ƙasa ɗaya, a ƙarƙashin mulki ɗaya. Ɗalibin da yake neman abin da zai rubuta a kan fataucin Gwanja ko saƙar gargajiya yana iya ajiye su gefe da gefe, ya duba ɗinkin riguna da naɗin rawuna da kayan dokin da suke cikin hoton, ya gwada su da kalmomin da malamin ya rubuta.